Kano zuwa Dutse a minti bakwai? Abin da ke gaskiya da abin da ba shi ba

Duk shekara idan aikin Hajji ya matso, zancen jirgi kan cika tashar mota da teburin mai shayi a Haɗejia. Wanda ya fi yawo shi ne wai daga Kano zuwa Dutse minti bakwai ne a jirgi. Lissafin ba daga sama ya faɗo ba. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dutse kimanin kilomita 90 ne a miƙe, babban jirgi kuwa yakan ci kilomita 800 a awa guda. In ka raba, minti bakwai za ka samu. Sai dai jirgi ba ya kai wannan gudun sai ya lula sama sosai, a irin wannan 'yar tazara kuwa kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. A sa masa minti 15 zuwa 20 a sama, ban da jan jiki a kan titi da jiran izini. Wa zai sayi tikiti ya zauna jiran awa guda, alhali mota ta Wudil za ta kai shi cikin awa biyu?

Masu cewa filin Dutse na ƙananan jirage ne kawai, wannan kam ba haka ba ne. An gina shi zamanin Gwamna Sule Lamido, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2014, kuma manyan jirage na kwashe alhazan Jigawa daga can. Abin da yake ƙaranci jiragen fasinja na yau da kullum ne, ba tsawon titi ba.

Akwai kuma masu cewa wanda ya tashi daga Dutse ya riga na Kano isa Jidda nesa ba kusa ba, tunda Dutse na gabas. Gabas ɗin gaskiya ne, amma tafiyar ta kusan kilomita 3,400 ce, rangwamen bai kai kilomita 100 ba, 'yan mintoci ke nan. Abin da ya taɓa ƙara wa tafiyar tsawo da gaske shi ne yaƙin Sudan na 2023, da aka rufe sararin samaniyar ƙasar jirage suka koma zagaye.

Ga Bahaɗeje, inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa. Dutse zuwa Abuja kusan awa ɗaya ce a jirgi, haka ma daga Kano. Amma kafin ka ga ƙofar filin Dutse ka sha awa biyu da wani abu ta Kafin Hausa da Jahun, Kano kuwa wajen awa uku ta Gujungu. Wannan ma da rani ne. Da damina, in kogin Haɗejia ya yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, ruwa kan yanke hanya, direba ya zagaya, wani wurin ma fasinja ya sauke kayansa ya shiga kwalekwale. Da hunturu kuma hazo kan zaunar da jirage a Kano da Dutse baki ɗaya.

Saboda haka zancen cewa Dutse ta fi sauri ga mutumin Haɗejia gaskiya ne ranar da akwai jirgi. Ranar da babu, wanda ya bi ta Gujungu da asuba zai yi la'asar a Abuja.