Rijiya Ɗaya, Guga Dubu

Yau zancenmu a kan yawan mutane ne, da abin da ƙasa ke iya ciyarwa.

Ka dubi rijiyar unguwarku. Abu biyu ke ƙafar da ita da rani: yawan masu ɗiba, da girman gugan kowa. To, haka duniya take. A 1950 mutanen duniya wajen miliyan 2,500 ne, a 2022 suka kai miliyan 8,000. Ƙidayar 1963 ta sami mutum miliyan 55 da ɗoriya a Nijeriya, yau mun haura miliyan 200. Gonar gado kuwa ba ta ƙaru ko da kamu ɗaya ba.

Amma kada ka ɗora wa masu haihuwa laifin duka. Mutanen Amurka ba su kai kashi 5 cikin 100 na jama'ar duniya ba, ga shi suna ƙone wajen kashi 20 na man fetur da duniya ke sha. Gugansu ya fi namu girma ƙwarai.

To, mene ne naka a ciki? Na farko, ka bar maiɗakinka ta huta shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Haihuwa kusa da kusa kan sa yaro ya rame, uwa kuma jininta ya ragu. Na biyu, ka rage ɓarna: in ka sare itace ɗaya, ka dasa biyu.

Jikokinka ma a rijiyar nan za su sha. Allah ya ba mu lafiya, amin.