Filin Wasa Na Ciyawar Roba A Cikin Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Kuɗi Ya Lissafta

A manyan unguwannin Legas da Abuja, masu hali da dama suna mayar da sararin bayan gidajensu filin wasa ta hanyar shimfiɗa ciyawar roba. Wasu don iyalinsu suke yi, wasu kuma suna bayar da haya ga samari masu buga ƙwallon mutum biyar-biyar, ana biyansu bisa awa. Sai dai abin da ido ke gani, wato koriyar shimfiɗar, ba shi ne ke tabbatar da ingancin aikin ba. Ingancin yana ƙarƙashinta.

Wannan ciyawa ta fara yin suna ne a shekarar 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a rufaffen filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston a ƙasar Amurka, bayan ciyawar gaske ta mutu saboda rashin hasken rana. Daga nan ne sunan AstroTurf ya samo asali. A shekarar 2004 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da ita a wasannin ƙasa da ƙasa, kuma a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya da Nijeriya ta karɓi baƙuncinta a 2009, filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas yana cikin waɗanda aka buga wasa a kansu da irin wannan ciyawa.

Tambaya ta farko ga mai gida ita ce ta fili. Filin tanis yana da tsawon mita 23.77 da faɗin mita 10.97, amma idan aka haɗa da sararin gudu na gefe da na baya, ana bukatar kimanin mita 36 da mita 18. Wannan kuwa daidai yake da fuloti guda irin na Legas mai ƙafa 120 da ƙafa 60, babu ko ɗakin maigadi. Shi ya sa hankalin mutane ke komawa kan wasan padel, wanda filinsa mita 20 ne da mita 10. Shi kansa wasan a cikin gida aka haife shi: wani ɗan kasuwa mai suna Enrique Corcuera ne ya ƙirƙiro shi a gidansa da ke Acapulco ta ƙasar Meksiko a 1969. Mai son ƙwallon kwando kuwa gara ya zuba kankare, domin ƙwallon ba ta tashi yadda ya kamata a kan ciyawa.

Aikin gaskiya yana farawa da haƙa. Ana kwashe ƙasar sama mai ɗauke da saiwoyi, a daddaɓe ta ƙasa da inji, a ɗan karkata filin da kimanin kashi 1 cikin 100 domin ruwa ya sami hanya. Sannan a binne bututu masu huji waɗanda za su kai ruwan lambatu, a shimfiɗa wani ƙyalle mai hana ciyayi tsirowa, a zuba fasasshen dutse manya, a bi da ƙanana, ana daddaɓe kowane hawa kafin a ɗora na gaba. Bayan duk wannan ne ake warware naɗin ciyawar, a haɗa gaɓoɓinta da gam, a zuba busasshen yashi a tsakanin zaruruwan don su tsaya. A filin ƙwallon ƙafa, inda tsawon zaren yake kaiwa milimita 40 zuwa 60, akan ƙara da ɓarbashin tsofaffin tayoyi domin sauƙaƙa faɗuwa. Na tanis da padel gajere ne ƙwarai, yashi kawai yake bukata.

A nan ne ɗan kwangila marar amana yake samun ribarsa. Zai rage kaurin dutse, ko ya tsallake bututun, tunda ba wanda zai gani bayan an rufe. Filin zai yi kyau ranar miƙa shi. Damina ɗaya ta isa ta tona asiri, musamman a wurare irin su Lekki inda ruwa yake kusa da doron ƙasa: wasu sassan su lotsa, ruwa ya kwanta, gaɓoɓi su buɗe. Gyaran kuwa sai an ɗaga shimfiɗar gaba ɗaya. Saboda haka ya dace mai aiki ya sa a rubuta masa kaurin kowane hawa a takardar yarjejeniya, ya kuma raba biya kashi-kashi, kada ya saki kuɗin shimfiɗa sai ya ga an kwarara ruwa a kan dutsen ya wuce.

Ta fuskar farashi, galibin ciyawar daga waje ake shigo da ita, musamman daga Sin da Turkiyya da Turai, don haka tana bin dala. Tun da aka saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, farashin da dillali ya faɗa ba ya daɗewa bai canza ba. Kuma shimfiɗar ba ta har abada ba ce. Wadda ake wasa a kanta kullum takan yi shekara 8 zuwa 10 kafin a canza ta. Mai bayar da haya da bai riƙa ware wani abu daga kuɗin shigarsa don wannan rana ba, uwar kuɗi yake ci yana zaton riba ce. Akwai kuma kuɗin fitilu da man janareto, tunda yawancin masu haya da yamma ko da dare suke zuwa, domin da tsakar rana zafin shimfiɗar yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Selshiyas.

Masu shigo da kaya su lura cewa a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana sayar da ɓarbashin roba na filayen wasa daga 2031, saboda yadda yake bin ruwa yana gurɓata koguna. Masana'antu sun fara karkata ga ɓawon itace da zaren kwakwa.

Wanda kuma yake da niyyar karɓar kuɗi daga jama'a a gidan da aka ba shi izinin zama kawai, sai ya fara neman amincewar hukumar tsara birane kan sauya amfanin filin, ya kuma tattauna da maƙwabta kan hayaniya da hasken dare kafin motar dutse ta farko ta sauke kaya.