ABIN DA KE HANA KWAMFUTAR GOYO TASHI IN AN TAƁA FAIFANTA

Tun daga ran 23 ga watan Satumba, 1987, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aikin ofis ya sake kama ƙwarai da gaske. Lissafin albashi da na fansho da sakamakon jarrabawa, waɗanda a da ake ɗaurewa cikin fayil, yawancinsu sun koma cikin kwamfuta. Saboda haka ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, ma'aikaci da ɗalibi su ne farkon masu ji a jikinsu.

Akwai wata dabara da masana ke yi, wato su sa kwamfuta guda ta goya wasu kwamfutoci a cikinta, kowacce tana aikinta kamar mai zaman kanta. Kamfanin IBM na Amurka ya fitar da irin wannan a 1972, VMware ya kawo ta kan ƙananan kwamfutoci a 1999, VirtualBox kuma ya fito a 2007. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Hassan Usman Katsina, in yana son koyon Linux alhali kwamfutarsa ta Windows ce, wannan ita ce hanya mafi arha gare shi. To amma faifan ajiyar kwamfutar goyo fayil ne kawai a cikin uwar goyon, kuma da an ƙara shi, ko an rage, ko an ɗauke shi zuwa wani wuri, sau da yawa sai ta ƙi tashi.

Dalili na farko shi ne suna. Linux yakan raɗa wa faifai suna bisa ga jerin yadda ya gan su, na farko sda, na biyu sdb. Kamar a aiki yaro a ce masa ya shiga gida na biyu daga Ƙofar Ƙaura ne. In aka gina sabon gida a gaba, sai ya faɗa gidan da ba a aike shi ba. Akwai fayil mai suna fstab wanda ke ɗauke da jerin faifan da za a nema wajen tashi, in kuwa aka rasa ɗaya daga cikinsu, sai kwamfutar ta tsaya cik. Maganinsa a rubuta kowane faifai da lambarsa ta UUID, wadda ba ta sākewa don an sake jeri, a kuma sa kalmar nofail a gaban faifan da ba dole ba ne.

Dalili na biyu shi ne hanyar tashi. Kwamfutar da aka kafa bisa tsarin UEFI ba za ta tashi ba in aka juya ta kan tsohon tsarin BIOS. Haka nan tsohon tsarin raba faifai na MBR, wanda ke zaune cikin bayit 512 na farkon faifai, ba ya iya riƙe abin da ya wuce terabayit 2. Windows kuwa, in aka sake irin mahaɗin faifanta, misali daga SATA zuwa SCSI, takan fito da shuɗin allo mai lamba 0x7B, ma'ana ba ta ga faifan tashinta ba.

In abin ya auku, kada a yi garaje. Da farko a karanta abin da allo ya rubuta, a kwafe shi a takarda. Sa'an nan a tambayi abin da aka taɓa na ƙarshe, a mai da shi yadda yake. In ta ƙi, a kwafe faifan tukuna, a liƙa kwafin a jikin wata lafiyayyar kwamfutar goyo, a gyara daga can. Wannan dabara ta ƙarshe tana cikin waɗanda Microsoft ya nuna wa jama'a bayan ran 19 ga watan Yuli, 2024, lokacin da wani gyara na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, har jiragen sama suka kasa tashi a ƙasashe da dama.

Babban haɗari shi ne rage girman faifai, domin in aka datse shi kafin a tattara abin da ke ciki, bayanan da ke ƙarshensa sun tafi ke nan. Haka kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, ɓarnar takan yi yawa, don haka kada a fara sai an tabbatar da batir ko janareta.

Ya kamata shugabannin ofisoshi su kafa doka cewa ba mai taɓa faifai sai an ajiye cikakken kwafi a wata na'ura dabam, an kuma jarraba shi an ga yana tashi. Kada kuma a yi irin wannan aiki ana dab da biyan albashi ko fitar da sakamakon jarrabawa.