Ciwon suga: jin sauƙi ba shi ne warkewa ba

A Runjin Sambo, kamar sauran unguwannin Sakkwato, akwai masu ciwon suga da ba su tuna magani sai jiki ya motsa. Da zarar ƙishirwa ta lafa, fitsarin dare ya ragu, sai a ajiye ƙwayoyi a ce an samu lafiya. Alhali suga yakan yi shekaru yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa mai shi bai ji komai ba. Na'urar gwaji ce kawai ke faɗin gaskiya.

To, nawa ake so a gani? Ga yawancin manya, kafin karin kumallo 80 zuwa 130, awa biyu bayan cin abinci kuma ƙasa da 180. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, sai ka ga 7 maimakon 126. A ninka da 18, lissafin ɗaya ne. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya zauna cikin wata uku, ana so ya gaza kashi 7 cikin ɗari. Tsoho ko mai ciwon ƙoda, likita kan sassauta masa.

Magungunan ba aikinsu ɗaya ba. Metfomin yana hana hanta zuba suga da yawa cikin jini, kuma shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga fiye da kima ba. Gilibenkilamid da allurar insulin kuwa suna iya saukar da shi ƙasa da 70 idan an sha ba a ci abinci ba. Alamarsa gumi, makyarkyata, jiri da yunwa mai tsanani. A nan fa sugan da ake gudu shi ne ceto: a kaɗa ƙaramin cokali uku a ruwa a sha, sannan a ci abinci. Shi ya sa mai niyyar azumi ya kamata ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Insulin ba ya jure zafi, zafin Sakkwato kuwa a watan Afrilu yakan haura digiri 40. In babu wutar kunna firiji, a ɗaure shi a leda a ajiye cikin sanyin randa.

Zogale da shuwaka kayan miya ne masu kyau, amma ba su maye gurbin magani. Kuma kada wani ya karɓi ƙwayar maƙwabcinsa don ciwonsu ɗaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin gari. Ka rubuta sakamakon gwajinka a ɗan littafi, ka tafi da shi ranar ganin likita.