Ziyarar Hasumiyoyin Dutse na Tsibirin Sardiniya

A tsakiyar Bahar Rum, yamma da babban yankin ƙasar Italiya, akwai tsibirin Sardiniya, wanda matafiyi ba zai yi nisa a cikinsa ba face ya hango, bisa wani tudu ko a gefen wata makiyaya, wata hasumiya ta dutse mai faɗin gindi da tsukakken kai, wadda ta haura shekara 3,000 tana tsaye. Mutanen tsibirin suna kiran irin wannan gini nurage, kuma abin da ya wanzu daga cikinsu ya kai kimanin 7,000. Al'ummar da ta gina su ba ta bar littafi ko nasabar sarakuna ba, saboda haka duk mai son labarinta sai ya je ya tambayi duwatsun da idonsa.

Mafi cancantar wurin da za a fara da shi shi ne Su Nuraksi, kusa da ƙauyen Barumini, arewa da birnin Kaliyari. Shekaru aru-aru ƙasa ta binne shi har ya zama kamar tudu, sai a shekarun 1950 wani masani ɗan ƙauyen, Jobanni Lilliyu, ya shugabanci tono shi, aka tarar da babbar hasumiya a tsakiya, wasu huɗu sun kewaye ta, ganuwa ta haɗe su, ga kuma kufan bukkoki birjik a waje. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997.

Amma fa wanda ya tsaya daga waje bai ga kome ba. Sai mutum ya sunkuya ya bi wata siririyar hanya da ke cikin kaurin bangon, kafaɗunsa suna gogar dutse, ya sauka a wani ɗan tsakar gida mai rijiya, sannan ya shiga ɗakin hasumiyar ya ɗaga kai, a nan zai fahimci hikimar maginan: ba laka, ba siminti, kowane jeri na duwatsu an ɗan turo shi ciki fiye da wanda ke ƙarƙashinsa, da'irar tana tsukewa sannu a hankali har ta rufe a sama, ta yadda nauyin da ake tsoron ya rushe ginin shi ne yake riƙe da shi. Masana sun yi saɓani game da manufar waɗannan gine-gine, wasu suka ce ganuwar yaƙi ce, wasu suka ce mazaunin shugabanni ne, kuma a ganina babu abin da ya hana a haɗa ƙaulanin biyu.

Cikin abin da al'ummar nan ta bari akwai kuma rijiyar ibada ta Santa Kiristina a Faulilatino, mai matakala 25 da ke gangarawa zuwa ruwa, wadda aka sassaƙe duwatsunta sumul har baƙo ya yi zaton aikin jiya ne. Dogayen kaburburansu kuwa, mutanen baya sun jingina su ga ƙattin farko, kamar yadda mu ma idan gini ya gagari hankalinmu mukan ce aikin Samudawa ne. Alhali da aka bincika, ƙasusuwan mutane irinmu aka samu, jama'a da yawa a kabari guda. Maginan nurage kuma ba a killace suke ba, domin an tono curin tagulla na tsibirin Kubrus a ƙasarsu, shaidar fatauci ta teku mai nisan gaske. A 1974 manoma suka ci karo da gutsattsarin manyan gumakan dutse a Monte Farama, waɗanda tsawonsu ya kai mita 2 ko fiye.

To, ya kai mai karatu, idan Allah ya nufe ka da zuwa, ka zaɓi watan Afrilu ko Mayu, kafin zafin rana ya tsananta, ka sa takalmi mai riƙe ƙafa saboda santsin matakalu, kuma ka sani ba a shiga Su Nuraksi sai tare da ɗan jagora. Kada ka baro tsibirin ba ka leƙa gidan tarihi na Kaliyari ba, inda aka adana 'yan mutum-mutumin tagulla da maginan nurage suka ƙera na mayaƙansu, da shugabanninsu, da jiragen ruwansu.