Zaɓen Ƙaramar Hukuma da Rayuwar Unguwa: Misali daga Tudun Wada

Idan aka ce ƙaramar hukuma, ana nufin mataki na uku na mulki, wanda ya fi kowanne kusa da talaka. An daidaita tsarinta a Nijeriya a 1976, kuma Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da ita.

Tudun Wada tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera. An kasa unguwar zuwa mazaɓu uku, wato ta Arewa da ta Kudu da ta Yamma, kowace da kansilanta. Daga cikin ayyukan da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma akwai kwashe shara, gyaran magudanan ruwa, kula da kasuwanni da maƙabartu, da sa hannu wajen tafiyar da makarantun firamare. Saboda haka, kwatar da ta toshe da damina da ajin da rufinsa ke yoyo duk suna da alaƙa da ƙuri'a.

Matsalar da ta daɗe ita ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa na jiha, da naɗa kantomomi maimakon yin zaɓe. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan kuɗin kai tsaye, ga zaɓaɓɓu kaɗai.

Wannan ya shafi malamin gobe, domin daga kason ƙaramar hukuma ake fitar da albashin malaman firamare.