Landan: Birnin da Ya Hana Sulhu, Ya Dawo Yana Roƙonsa

A bakin garin Uxbridge, wajen mil goma sha biyar yamma da tsakiyar Landan, akwai wata tsohuwar mashaya mai suna Crown and Treaty. Ginin ragowar wani babban gida ne inda wakilan Sarki Charles na Ɗaya da na majalisar dokokin Ingila suka shafe makonni uku a farkon 1645 suna neman hanyar kashe wutar yaƙin basasa. Sun tashi baram-baram. Kafin wannan an yi wani zaman a Oxford a 1643, bayansa kuma an yi na Newport a 1648. Duk cikin ukun babu wanda aka yi a Landan, amma babu wanda Landan ba ta sa hannu a tashinsa ko faɗuwarsa ba.

Sai an raba abu biyu kafin labarin ya fito. A wancan zamani majalisar dokoki tana zama ne a Westminster, kamar mil biyu daga tsohon birni idan aka bi kogin Thames. Shi tsohon birnin yana da mulkin kansa: Magajin Gari, dattawan unguwanni, da majalisar gari mai zama a zauren Guildhall. Yana da dakarunsa, waɗanda ba sojan haya ba ne, masu shaguna ne da yaransu da ke fita atisaye. Uwa uba, yana da kuɗi. Mutanen Landan da kewayenta sun doshi 400,000, alhali garin da ke bi mata bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Duk mai son yin yaƙi a Ingila, sarki ne ko majalisa, sai ya je gaban attajiran nan da ƙoƙon bara.

Charles ya rasa birnin tun kafin a harba harsashi ko ɗaya. Ranar 4 ga Janairu 1642 ya shiga zauren majalisar wakilai da kansa, da masu makamai a bayansa, don ya kama 'yan majalisa biyar, cikinsu har da John Pym da John Hampden. Ya tarar da kujerunsu wayam; sun sulale ta kogi sun shige tsohon birni. Kashegari ya bi su har Guildhall ya ce a miƙo su. Ba a miƙo su ba, kuma a hanyarsa ta komawa jama'a suka yi ta yi wa karusarsa ihun a bar wa majalisa 'yancinta. Ranar 10 ga wata ya kwashe iyalinsa ya bar Landan. Bai sake ganinta ba sai bayan shekara bakwai, yana ɗaurarre.

Yaƙi ya ɓarke a Agusta. A watan Nuwamba sarki ya durfafo Landan, majalisa ta aika masa da wakilai a Colnbrook suna neman a zauna. Ya nuna ya yarda. Amma kashegari ɗan 'yar'uwarsa, Yarima Rupert, ya afka wa garin Brentford cikin hazo ya washe shi. Mutanen Landan suka ɗauki wannan a matsayin cin amana, kuma ranar 13 ga Nuwamba dakarun gari suka fito suka haɗu da rundunar majalisa a filin Turnham Green, mutum wajen 24,000, kusan ninki biyu na sojojin sarki. Aka yini ana kallon-kallo, matan gari suna aiko wa mazajensu abinci a kan kekunan doki. Da yamma sarki ya ja da baya, daga bisani ya yada zango a Oxford.

To, amma Landan ba baki ɗaya take magana ba, kuma nan ne labarin ya fi daɗin bibiya. Kasuwa ta tsaya, haraji ya ƙaru, kwal ɗin da ake kawowa daga Newcastle don jin ɗumi ya yanke domin garin yana hannun mutanen sarki. A watan Disamba masu son sulhu suka yi dafifi a Guildhall da takardar koke har abin ya kai ga doke-doke. Majalisar gari ta ga ba makawa, ta tura wakilai Oxford suna roƙon sarki ya dawo. Da Charles mai karanta yanayi ne, da ya rungumi wannan dama hannu bibbiyu. Maimakon haka sai ya aiko da amsa yana neman a kama Magajin Gari Isaac Penington da wasu mutum uku a matsayin maciya amana. Aka karanta wasiƙar a gaban taron 'yan gari a Janairu 1643, Pym ya miƙe ya warware ta ɗaya bayan ɗaya. Masu neman sulhu suka koma gida da sanyin gwiwa, sarkin da suke wa fafutika shi ya kwance musu zani a kasuwa.

Zaman Oxford ya ja daga Fabrairu zuwa Afrilu, bai haifar da ɗa mai ido ba. Yayin da wakilai ke can suna musayar takardu, mutanen Landan suna nan suna haƙa. Maza da mata da yara, ƙungiya-ƙungiya bisa sana'o'insu, suka riƙa fita da shebur da kwanduna, har suka zagaye birnin da ganuwar ƙasa mai tsawon mil goma sha ɗaya. Mai gina ganuwa ba ya sa ran baƙon alheri. Sai ga kuma wani makirci da aka bankaɗo a ƙarshen Mayu, na mawaƙin nan kuma ɗan majalisa Edmund Waller, wanda aka ce manufarsa a buɗe wa sarki birnin daga ciki. Aka rataye mutum biyu. Daga nan duk wanda ya ambaci sulhu sai a yi masa kallon ɗan leƙen asiri.

Makon da ya fi kowane nuna ƙarfin birnin shi ne na farkon Agusta 1643. Bristol ta faɗa hannun sarki, tsoro ya kama Westminster. Majalisar masu sarauta ta tsara sharuɗɗan sulhu masu sassauci ƙwarai, ranar Asabar 5 ga wata majalisar wakilai ta yarda ta duba su. Ranar Lahadi masu wa'azi suka hau mumbari suna tsine wa sulhun, Penington kuma ya kira majalisar gari, duk da ranar ibada ce, aka rubuta takardar ƙin amincewa. Litinin da safe dubban mutane suka cika harabar Westminster suna hayaniya a kan duk wanda ake zargi da son sasantawa. Da aka kaɗa ƙuri'a, sharuɗɗan suka faɗi da ratar ƙuri'a bakwai kacal.

Talata da Laraba sai ga wani taron daban. Mata ne, kowace ta ɗaura farin ƙyalle a hularta, suna neman a dawo musu da mazajensu da zaman lafiya. Ranar Laraba suka tare ƙofar majalisa na sa'o'i, suna bubbugawa, suna kiran a fito musu da Pym. Masu gadi suka harba bindiga ba harsashi, matan suka mayar da martani da ɓaraguzan bulo. Daga ƙarshe aka turo sojojin doki suka kutsa cikinsu da takubba, aka yi asarar rayuka. Taron maza na ranar Litinin ba wanda ya taɓa shi, shi kuwa na mata aka kira su 'yan tasha da karuwai. Birni guda, mako guda, amma ɓangaren da ke riƙe da Guildhall shi ne muryarsa ta isa.

Ko da aka zo zaman Uxbridge, Landan ta riga ta cusa nata buƙatun cikin takardar da majalisa ta miƙa: a tabbatar mata da tsoffin 'yancinta, dakarun gari su kasance ƙarƙashin Magajin Gari da majalisarsa, Hasumiyar Landan ma ta shiga hannunta. Wato ba 'yar kallo ba ce, tana da nata kason a cikin cinikin. An ware kwana ashirin don batutuwa uku, addini da iko da sojoji da yaƙin Ayalan, kuma ba a daidaita a ko ɗaya ba. A ranar kasuwa, daidai lokacin da za a fara, wani matashin mai wa'azi, Christopher Love, ya gaya wa jama'a a cocin garin kada su sa ran alheri daga mutanen sarki. Abin mamaki, shi wannan Love ɗin aka fille wa kai a 1651 bisa laifin haɗa baki don dawo da ɗan sarkin kan gado.

Wannan juyin na Love shi ne juyin Landan kanta. A 1645 attajiran birnin suka ba da rancen fam 80,000 aka kafa sabuwar runduna ƙarƙashin Thomas Fairfax, da Oliver Cromwell a kan sojojin doki. Rundunar ta murƙushe sarki a Naseby a watan Yuni, ta kuma kwaso wasiƙunsa na sirri, aka karanta su a Guildhall, kowa ya ji yadda yake neman sojoji daga waje yana kuma zancen sulhu. Da ya miƙa kansa ga sojojin Sikotland a 1646, kuɗin Landan ne kuma, fam 200,000, aka ba su a matsayin kashin farko na bashin da suke bin majalisa, suka bar shi a hannun majalisa suka tafi gida.

Yanzu fa manyan gari sun samu abin da suke so, sun kuma fara tsoron abin da suka raina. Sojojin nan sun cika da masu aƙidojin addini da dattawan Landan ke ƙyama, suna bin bashin albashi, kuma sun ƙi a sallame su. Attajiri yana son a rage haraji, a buɗe kasuwa, a dawo da sarki da sharaɗi. Ranar 26 ga Yuli 1647 yaran shaguna da masu koyon sana'a suka fasa cikin majalisa, suka tsaya a kan 'yan majalisa har sai da aka zartar da ƙudurin gayyato sarki Landan. Dabarar 1643 ce aka sake, sai dai yanzu don sulhu. Ba ta yi aiki ba. Shugabannin majalisun biyu suka gudu wurin sojoji, ranar 6 ga Agusta Fairfax ya shigo birnin ba tare da an ce masa kanzil ba. Ba a jima ba aka shiga rushe ganuwar da mata da yara suka gina.

A 1648, bayan yaƙi ya sake ɓarkewa karo na biyu, majalisar gari ta yi ta aika koke a kan koke tana neman a zauna da sarki ido da ido, a cikin Landan, ta ma ɗauki alkawarin tsaron lafiyar kowa. 'Yan majalisa sun san abin da zai faru idan Charles ya ratsa titunan birnin ana yi masa tafi: zai koma gadonsa ba tare da ya sa hannu a kan komai ba. Suka yarda da zaman, suka ƙi wurin. Aka kai zaman tsibirin Wight, inda sarki yake tsare, a garin Newport, daga 18 ga Satumba. Ko a nan birnin bai haɗa baki ba, domin mako guda kafin a fara wasu dubban mazauna Landan masu ra'ayin daidaita talaka da mai sarauta sun kai tasu takardar suna cewa kada a yi.

An tsara kwana arba'in, aka yi ta ƙarawa har 27 ga Nuwamba. Charles ya sallama wa majalisa iko da sojoji na shekara ashirin, ya yarda a jingine mulkin bishop-bishop a coci na shekara uku, amma ya ƙi a soke shi ɗungurungum. A ɓoye kuwa yana rubuta wa makusantansa cewa sassaucin nan hanyar samun kuɓuta ce kawai. Duk da haka, bayan muhawarar da aka kwana ana yi, ranar 5 ga Disamba majalisar wakilai ta amince, ƙuri'a 129 da 83, cewa amsoshin sarki sun isa a gina sulhu a kansu. Abin da Guildhall ta shekara biyu tana roƙo ke nan.

Sai dai sojoji sun riga sun shigo tun ranar 2 ga wata, kuma tuni sun ɗauke sarki daga tsibirin. Safiyar 6 ga Disamba Kanar Thomas Pride ya tsaya a ƙofar majalisa da jerin sunaye a hannunsa, ya hana masu goyon bayan sulhu shiga, aka tsare wasu. Fairfax ya aika wa birnin cewa yana bin sa fam 40,000 na albashin sojoji. Da aka yi jan ƙafa, sojoji suka shiga zauren ƙungiyar masaƙa inda ake ajiyar kuɗi suka kwashe, aka kuma ɗaure dawakai a cikin babban cocin Saint Paul. Dakarun garin da suka tare sarki a Turnham Green ba su fito ba.

An fille wa Charles kai ranar 30 ga Janairu 1649 a gaban fadarsa ta Whitehall. Bayan wata biyu aka umarci Magajin Garin Landan na lokacin, Abraham Reynardson, ya yi shelar dokar da ta soke sarauta. Ya ƙi. Aka tuɓe shi, aka ci shi tarar fam 2,000, aka kulle shi a Hasumiyar Landan, wadda birnin ya nemi a danƙa masa a takardar Uxbridge.